Matasa Uku A Gurbi Ɗaya: Nazarin Zaɓen Sababbin 'Yan Wasan Besbol Na 2015 A Amurka

A daren 8 ga watan Yuni na 2015, a garin Secaucus na jihar New Jersey, ƙungiyoyi 30 na babbar gasar besbol ta MLB suka buɗe zaɓen sababbin 'yan wasa da suke yi duk shekara, kuma sunaye uku na farko da aka kira duk na masu tsaron gurbi ɗaya ne, gurbin shotstof. Arizona Diamondbacks ta ɗauki Dansby Swanson na Jami'ar Vanderbilt, Houston Astros ta ɗauki Alex Bregman na Jami'ar Jihar Louisiana, sannan Colorado Rockies ta ɗauki Brendan Rodgers, wanda a lokacin yake kammala makarantar sakandare ta Lake Mary a jihar Florida. Tun da aka soma wannan zaɓe a 1965 ba a taɓa ganin haka ba. Da yake yanzu shekaru sun ja, kuma kowanensu ya nuna iyakar abin da zai iya, ana iya komawa a duba abin da masu farauto 'yan wasa suka auna a jikin waɗannan matasa, da abin da awon nasu ya kama, da wanda ya kuɓuce masa.

Filin ciki na besbol yana da tashoshi huɗu, tsakanin kowace da mai bi mata ƙafa 90 ne, wato mita 27 da 'yan kai. Shotstof yana tsayawa tsakanin tasha ta biyu da ta uku, kuma da yake yawancin masu bugu da hannun dama suke bugawa, ƙwallon da ta gangaro a ƙasa ta fi zuwa wajensa. Mai bugu matsakaicin gudu yana isa tashar farko cikin daƙiƙa huɗu da ɗan ɗoriya, saboda haka a cikin wannan ɗan lokaci dole mai tsaron ya karanci inda ƙwallon ta nufa, ya tare ta, ya daidaita ƙafafunsa, ya kuma yi jifa mai nisa ba tare da kuskure ba. Wannan ne ya sa a kowace makaranta yaron da ya fi kowa kuzari da ƙarfin hannu ake ajiyewa a wurin. A nan kuma matsalar masu farauta take farawa, domin kasancewar yaro shotstof a makarantarsa ba ya nuna komai sai cewa ya fi abokan karatunsa. Mafi yawansu idan suka shiga wasan ƙwararru akan mayar da su tasha ta biyu, ko ta uku, ko filin waje. Chipper Jones, wanda aka fara ɗauka a 1990, a matsayin shotstof ya shigo, ya yi suna a tasha ta uku. Justin Upton, wanda ita kanta Arizona ta fara ɗauka a 2005, bai jima ba aka tura shi filin waje. Don haka tambayar da ta fi yawo a rahotannin masu farauta ita ce ko yaron zai zauna a gurbin ko za a ɗauke shi, domin bugun da zai wadatar ga shotstof ba lallai ya wadatar ga mai tsaron tasha ta uku ba, inda ake sa ran ƙarfi.

Masu farautar suna ba da maki a kan ma'aunin da ya tashi daga 20 zuwa 80, inda 50 yake nufin matsakaicin ɗan wasan MLB. Abubuwa biyar suke aunawa: iya bugu, ƙarfin bugu, gudu, tsaro, da ƙarfin jifa. Gudu yana da sauƙi, agogo ake riƙewa a sa yaro ya tsere yadi 60. Jifa ma ido yana gani. Tsaro ya fi wuya, domin a 2015 na'urorin bin motsin ƙwallo na Statcast a filayen MLB kaɗai aka kafa su gaba ɗaya, a makarantu kuwa mai farauta yana zaune ne yana kallon takun farko na yaro da laushin hannunsa da yadda yake sarrafa lokaci. Iya bugu shi ya fi duka wuyar hasashe, saboda 'yan makaranta da sandar ƙarfe suke bugu, ƙwararru kuma da ta katako, kuma masu jifan da suke fuskanta ba su kai rabin na gaba ba.

Yanayin shekarar ma ya taimaka wajen tura waɗannan uku sama. Masu jifan da aka sa ran za su mamaye sahun farko sun ji rauni: an yi wa Brady Aiken tiyatar jijiyar gwiwar hannu a watan Maris, Michael Matuella na Jami'ar Duke kuma ya bi sahu jim kaɗan bayan haka. Aiken ɗin shi ne dalilin da ya sa Houston take da zaɓi na biyu, domin ita ta fara ɗaukarsa a 2014, amma binciken likita ya tayar da shakku a kan gwiwar hannunsa, cinikin ya watse, aka ba ta wannan gurbi a matsayin diyya, ban da nata na biyar. Arizona kuwa ta samu na farko ne saboda ita ta zo ƙarshe a kakar 2014 da nasara 64 da rashin nasara 98.

Swanson ɗan jihar Georgia ne, kuma Colorado ta taɓa kiran sunansa a zagaye na 38 a 2012, ya ƙi sa hannu ya tafi jami'a. Shekararsa ta farko a Vanderbilt rauni ya cinye ta. A 2014 ya yi wasa a tasha ta biyu saboda akwai Vince Conde a gurbin shotstof, kuma a shekarar ne Vanderbilt ta ci kofin jami'o'i na ƙasa, aka zaɓi Swanson gwarzon gasar ƙarshe. Sai a 2015 ya koma shotstof, wato kaka ɗaya tak masu farauta suka gan shi a gurbin a matakin jami'a, amma abin da suka gani ya gamsar da su: ƙafafu masu sauri, jifa mai kai wa daidai daga kowace kusurwa, da natsuwar da ba kasafai ake samu a mai shekara 21 ba. Kusan bakin masana ya zo ɗaya cewa a cikin ukun shi ya fi tabbacin zama a gurbin. A ɓangaren bugu ya samu nasara a kashi 33.5 cikin ɗari na damarsa, ya kuma buga ƙwallo 15 ta tsallake katanga, bayan uku kacal da ya yi a shekarar da ta gabata. Wannan tsalle yana buƙatar taka-tsantsan, domin a 2015 ɗin ne hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta sauya ƙwallo zuwa mai kwantaccen ɗinki, wadda take tafiya nesa, kuma bugun tsallake katanga ya ƙaru a jami'o'i baki ɗaya. Mai farauta mai hankali sai ya raba abin da yake na ƙarfin yaro da abin da yake na ƙwallon. Akwai kuma alamar da ba ta ɓuya ba, cewa masu jifa suna fitar da shi da jifa uku, wato ya kasa bugun jifa mai kyau har sau uku, fiye da yadda ake so ga wanda za a fara ɗauka.

Lamarin Bregman ya fi ɗaukar hankali, domin a kansa ne ido da alƙaluma suka fi saɓawa. Ɗan Albuquerque ne a jihar New Mexico, ya karya yatsa a shekararsa ta ƙarshe a sakandare, sai Boston Red Sox ta ɗauke shi a zagaye na 29 a 2012, shi ma ya zaɓi jami'a. Tun shekararsa ta farko a Louisiana ya karɓi gurbin shotstof, ya ci kyautar Brooks Wallace ta 2013 da ake ba gwanin gurbin a jami'o'i, kyautar da Swanson ya ci a 2015. Kaka uku cur ya yi a wurin, a rukunin SEC na jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, wanda ake ɗauka a cikin mafi tsanani a ƙasar. Duk da haka rahotanni da yawa sun yi ta maimaita cewa tasha ta biyu ce makomarsa. Dalilan da ake bayarwa na gani ne: ba shi da tsawo, jikinsa a cure yake, motsinsa ba shi da santsin da ido ya saba gani a manyan masu tsaron gurbin, kuma yana kama ƙwallo ne da ƙoƙari da sanin inda zai tsaya, ba da faɗin taku ba. Ƙarfin bugunsa ma an ɗauke shi matsakaici, tunda tara kawai ya tsallakar a 2015.

Amma akwai wani abu a takardarsa da ya fi duk waɗannan nauyi. A kakar 2015 yawan lokutan da ya ƙi bin jifa marar kyau har aka ba shi tashar farko kyauta ya zarce yawan lokutan da aka fitar da shi da jifa uku. Wannan yana nuna abu biyu a lokaci guda, cewa idonsa yana bambance jifan da ya kamata a buga da wanda ya kamata a bari, kuma idan ya kai sanda ba ya cika kuskuren ƙwallo. A ganina wannan ita ce shaidar da ta fi kowace ƙarfi a dukan zaɓen na shekarar, domin ba ta dogara da sandar ƙarfe ko ɗinkin ƙwallo ba. Sandar ƙarfe tana iya ƙara wa bugu nisa, amma ba ta iya hana mutum kai wa iska bugu. Houston a ƙarƙashin babban manajanta Jeff Luhnow, da Mike Elias a matsayin shugaban masu farauta, tana cikin ƙungiyoyin da suka fi ba irin waɗannan alƙaluma muhimmanci, kuma ta ɗauki Bregman duk da cewa ba ta da buƙatar shotstof ko kaɗan. A wannan daren na 8 ga Yuni ne Carlos Correa, wanda ta fara ɗauka a 2012, ya buga wasansa na farko a MLB yana da shekara 20, a tasha ta biyu kuma akwai José Altuve. Wato ta ɗauki matashin tana sane da cewa gurabun biyu da ake hasashen zai tsaya duk a cike suke. Abin da ta saya sandarsa ce, ta bar batun wurin tsayawa zuwa gaba.

Rodgers shi ne wanda jerin sunaye da dama na masana suka sa a kan gaba kafin zaɓen. Yana da shekara 18, sandarsa tana da saurin da ba a saba gani a sa'o'insa ba, hannunsa yana da ƙarfi, kuma ana ganin zai iya zama shotstof mai bugun nesa, irin wanda ƙungiya take samu sau ɗaya a shekaru masu yawa. Gudunsa matsakaici ne, abin da ya sa wasu suka ce idan jikinsa ya cika zai koma tasha ta uku ko ta biyu. Babbar wahalar ita ce ƙarancin shaida. Ɗan sakandare yana fuskantar masu jifa na gaske ne kawai a wasannin baje-koli na bazara, sauran lokaci yana buga yaran da ba za su taɓa zama ƙwararru ba, don haka ɗaukarsa da miliyoyin daloli kusan cinikin biri a sama ne. Wani lokaci cinikin yana faɗawa, kamar yadda ya faɗa wa Houston a kan Correa, wani lokaci kuma yana zama irin na Tampa Bay, wadda ta fara ɗaukar Tim Beckham daga sakandare a 2008 ta bar Buster Posey, wanda daga baya ya zama babban tauraro. Rodgers yana da wani makami na ciniki, wato gurbin karatu da ya riga ya karɓa a Jami'ar Jihar Florida, wanda zai iya komawa idan kuɗin bai yi masa ba.

Kuɗi kuwa ba a raba shi da awo a wannan zaɓe. Tun 2012 kowane gurbin zaɓe a zagaye goma na farko yana da adadin da aka ƙayyade masa, a haɗa su su zama jimillar da ƙungiya za ta kashe, wadda ta wuce da kaɗan a ci ta tara, wadda ta wuce da fiye da kashi biyar cikin ɗari ta rasa zaɓen gaba. Gurbin farko a 2015 ya haura dala miliyan 8.6, amma Swanson ya sa hannu a kan miliyan 6.5. Na biyu ya kai kimanin miliyan 7.4, Bregman ya karɓi miliyan 5.9. Rodgers ya karɓi miliyan 5.5 daga kimanin 6.2. Houston ta fi kowa cin moriyar rarar, domin bayan ta ɗauki Kyle Tucker a na biyar, ta ba Daz Cameron dala miliyan 4 a gurbi na 37, kuma Cameron yana cikin waɗanda ta miƙa wa Detroit a 2017 ta karɓo gwanin mai jifa Justin Verlander.

Abin da ya biyo baya ya fara da wani mataki da ba shi da alaƙa da awo. A watan Disamba na 2015, wata shida da ɗaukarsa, Arizona a ƙarƙashin shugabanninta Dave Stewart da Tony La Russa ta haɗa Swanson da Ender Inciarte da Aaron Blair ta ba Atlanta Braves domin ta karɓi mai jifa Shelby Miller. A shekarar ne aka sassauta dokar da take hana musayar sabon ɗan wasa kafin ya cika shekara, kuma Arizona ta yi amfani da sassaucin a kan wanda ta fi kowa daraja. Miller ya yi nasara uku ya sha kashi 12 a 2016, aka sallami Stewart a ƙarshen kakar. Masu farautar Arizona sun yi aikinsu daidai, shugabanninsu ne suka zubar da shi.

Swanson ya shiga MLB a watan Agusta na 2016, kuma shekarunsa na farko sun tabbatar da fargabar da aka yi a kan bugunsa, har aka mayar da shi ƙaramin rukuni na ɗan lokaci a 2017. Ƙarfin ya zo daga baya, ya tsallakar da 27 a 2021 da 25 a 2022, amma bai taɓa zama mai bugun da ake gina ƙungiya a kansa ba. Tsaronsa kuwa ya kai inda aka yi hasashe har ya wuce: ya ci kyautar Gold Glove ta gwanin tsaro a 2022 da 2023, ya ɗauki kofin World Series, wato kofin zakarun MLB, da Atlanta a 2021, kuma a ƙarshen 2022 Chicago Cubs ta ba shi kwantiragin shekara bakwai a kan dala miliyan 177. A cikin ukun shi kaɗai ya zauna a gurbin.

Bregman ya riga shi shiga da 'yan makonni, a watan Yuli na 2016, a tasha ta uku, wurin da rahotanni da yawa ba su ma ambata masa ba saboda ana ganin ƙarfin bugunsa bai kai ba. A 2019 ya tsallakar da ƙwallo 41, aka ba shi tasha kyauta sau 119, aka fitar da shi da jifa uku sau 83 kawai, ya zo na biyu bayan Mike Trout a zaɓen gwarzon rukunin American League. Halin da ya nuna a Louisiana ne ya biyo shi, sai dai ya koyi ɗaga ƙwallon da yake zaɓa yana jawo ta hagu, inda katangar filin Houston take kusa. A wannan kakar ya tsaya a shotstof wasanni da dama lokacin da Correa yake jinya, ba tare da ya ba da kunya ba. Dole a ambaci cewa binciken MLB da aka fitar a Janairun 2020 ya tabbatar da cewa Houston ta saci alamun sirri da abokan hamayya suke yi wa masu jifansu ta hanyar kyamara a 2017 da wani ɓangare na 2018, kuma Bregman yana cikin ƙungiyar, don haka alƙalumansa na wancan lokaci suna da tabo. Sai dai kakarsa mafi kyau ta zo bayan lokacin da binciken ya ambata, ya sake cin kofi a 2022 bayan na 2017, ya kuma ci Gold Glove a tasha ta uku a 2024.

Rodgers bai iso ba sai a watan Mayu na 2019, kuma ya tarar Trevor Story ya riƙe gurbin shotstof tun 2016, sai aka ajiye shi a tasha ta biyu. A shekarar aka yi masa tiyata a kafaɗar dama, a 2023 kuma ta hagu ta goce tun a wasannin share fage. Ya ci Gold Glove a 2022, amma sandar da aka ɗauke shi dominta ba ta taɓa zama abin tsoro ba, duk da cewa filin Colorado ya fi kowane fili taimakon masu bugu saboda tudun garin Denver. A ƙarshen 2024 ƙungiyar ta sake shi. Ba zan ce Colorado ta yi kuskure ba, domin babu ma'aunin da yake hango kafaɗar da za ta lalace bayan shekara huɗu, kuma ba a san abin da zai zama ba da bai rasa waɗannan watanni na koyo ba. Abin da za a iya cewa shi ne, saurin sanda da aka yaba masa gaskiya ne, amma iya zaɓen jifa, wanda babu hanyar gwada shi sosai a sakandare, bai kai ba.

Idan aka auna masu farauta a kan tambayar da suka fi yi, wato wa zai zauna a gurbin, sun ci jarrabawa: wanda suka ce zai zauna ya zauna, waɗanda suka yi wa shakka an ɗauke su. Ko a nan ma da sauran magana, domin Correa da Story ne suka ture Bregman da Rodgers kafin a gwada su sosai, wato halin da ƙungiya take ciki ya yanke hukuncin tare da ƙafafun yaran. Amma tambayar ba ita ta raba darajarsu ba. Wanda ya fi kawo amfani a shekarunsa na ganiya shi ne wanda aka fi shakkar tsaronsa, kuma abin da ya ɗaga shi yana rubuce a takardar jami'a tun kafin zaɓen. Na fi karkata ga cewa an ba siffar jiki da kyan motsi nauyin da ya wuce kima, aka rage wa shaidar kaka uku a gasa mai tsanani.

Kada kuma a ɗauka alƙaluman bugu ba sa yaudara. A zagayen farko na wannan zaɓen Pittsburgh ta ɗauki Kevin Newman na Jami'ar Arizona a na 19, shotstof da ya zo na ɗaya a bugu sau biyu a jere a gasar bazara ta Cape Cod, inda ake amfani da sandar katako, kuma shi ma ba ya cika kuskuren ƙwallo. Ya isa MLB, ya yi kaka ɗaya mai kyau a 2019, amma da yake bugunsa ba shi da nauyi, masu jifa ba su da dalilin tsoronsa, ya ƙare a matsayin mai cike gurbi. A zagaye na huɗu kuma St. Louis ta ɗauki Paul DeJong na Jami'ar Jihar Illinois a matsayin mai tsaron tasha ta uku, ba wanda ya sa shi a jerin shotstof na shekarar, sai ƙungiyar ta gwada shi a gurbin a ƙananan rukunoni, ya riƙe shi a MLB daga 2017, aka kuma zaɓe shi cikin taurarin gasar a 2019, shekara uku kafin Swanson ya samu wannan zaɓi.